Kano, Dakar ko Bamako: ina yaro zai karanta likitancin haƙori in yana son ƙwarewa?

Ɗan ƙanwata ya ci bak D, jarrabawar kammala sakandare ta fannin kimiyya, bana. Bayan isha'i ya same ni a tsakar gida a Birni, ya durƙusa ya gaida ni, ya miƙo mini waya cike da hotunan makarantun likitan haƙori. "Kawu, wacce zan ɗauka?" Na ce ya ajiye hoton gini tukuna, ya faɗa mini abin da yake son zama bayan digiri. Ya ce mai tiyatar fuska da muƙamuƙi. Ya taɓa ganin wata uwa a ƙofar cibiyar Sentinelles ta nan Damagaram, mai kula da masu cutar noma (ciwon da ke cin naman fuska), ta rufe kumatun ɗanta da gefen mayafi, cutar noma ta cinye su.

Amsar nan tasa ce ta raba mana hanya, kuma iyaye da yawa ba su san da wannan ba sai an yi nisa. A tsarin Faransanci, tiyatar fuska da muƙamuƙi ta likitan jiki ce. Wanda ya karanta haƙori, DES (difloman ƙwarewa bayan digiri) ɗin da ke gabansa shi ne na daidaita jerin haƙora, ciwon dasashi, haƙoran roba ko tiyatar cikin baki. A Najeriya kuwa, mai digirin likitan haƙori, wato BDS, ne ke shiga tiyatar muƙamuƙi.

Shi ya sa na daɗe ina duba Kano. Jami'ar Bayero na da tsangayar haƙori, ɗalibanta na koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 240 daga nan, kuma marar lafiya da Hausa zai kawo maka kukansa. Amma hanyar doguwa ce: shekara 6 na karatu, shekara guda ta aikin gwaji a asibiti, rajista da MDCN, hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, sannan jarrabawar farko ta kwalejin ƙwarewar likitoci, NPMCN ta Najeriya ko WACS ta Afirka ta Yamma. Cin jarrabawar ma ba ya ba ka gurbi, sai ka nemi asibitin da kwalejin ta amince da shi ya ɗauke ka, kuma baƙo sai ya dage. Ga Turanci: yaron da ya tashi a lakkwal da Faransanci, in bai gyara harshensa ba, shekarar farko za ta ba shi wuya ƙwarai.

Ga mai son daidaita haƙora ko tiyatar baki, Dakar nake fifitawa, Jami'ar Cheikh Anta Diop, sai Abijan, inda haƙori ke da tsangayarsa a Kokodi. Dalilina ɗaya ne: inda ake bayar da DES, malamin da zai tantance ka ya riga ya ga hannunka a bakin marar lafiya. Wanda ya zo daga waje takarda kawai ke magana a madadinsa. Sai dai haya da abinci a biranen nan biyu na cin aljihu, a yi lissafin shekarun duka tun kafin a sayi tikitin mota.

Bamako ta fi sauƙin zama, tana da asibitin haƙori na ƙasa inda ɗalibi ke samun aikin hannu. Maroko na da Kasabalanka da Rabat, ana zuwa da buris ɗin AMCI, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Maroko, ƙwarewa kuma sai an ci konkur, wato jarrabawar gasa.

Kowace makaranta ce, musamman ta kuɗi, a tambaya a rubuce: CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da difloman? Wane DES suke bayarwa da kansu? Baƙi nawa suka ɗauka bara? A kuma bi ta ANAB, hukumar buris ta Nijar, a ji ko buris zai bi yaro can.

Shi nawa na ce masa hanya biyu gare shi: ya karanta likitancin jiki a Yamai ko nan Jami'ar André Salifou ya nemi DES daga baya, ko ya nufi Kano. Ranar Litinin ya fara zuwa darasin Turanci.