Taswira, kamfas, waya ko na'urar kiran agaji: me za ka saya kafin shiga tsaunukan Sikotlan?

Tsaunukan arewacin Sikotlan ba su da wani tsawo na a zo a gani. Ben Nevis, wanda ya fi kowane tsauni a Birtaniya, mita 1,345 ne kacal. Wahalarsu tana ga nisa da yanayi. A cikin tsaunuka 282 da ake kira Munro, wato waɗanda suka haura ƙafa 3,000, akwai irin su A' Mhaighdean a yankin Fisherfield, inda mutum zai shafe sa'o'i yana tafiya kafin ma ya kai gindin dutsen, babu titi, babu allon nuna hanya, sabis ɗin waya kuwa sai an dace. Gajimare kan sauko ya lulluɓe kan dutse har ka daina ganin abokin tafiyarka. Kayan da ake saya domin wannan iri biyu ne: masu nuna maka hanya, da masu kiran agaji in ta ɓaci. Mutane da yawa suna zuba kuɗi a na biyun su manta da na farkon.

Taswirar takarda ita ce farkon sayayya, kuma ita ta fi arha. Hukumar Ordnance Survey tana da iri biyu. Landranger mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Explorer mai 1:25,000, santimita 4 ne kilomita ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauka wadda ta fi bayani ita ta fi kyau, amma a wuraren da duwatsu suka yi yawa, zanen tsakuwa da na ganuwar dutse a Explorer yakan danne layukan da ke nuna tudu da gangare, alhali waɗannan layukan su ne abin karantawa idan gari ya rufe. Ga doguwar tafiya ta kwana biyu ko uku, Landranger ta fi daɗin aiki, kuma takarda ɗaya tana ɗaukar fili mai yawa. Kamfanin Harvey yana buga nasa a 1:25,000 da 1:40,000 a kan abin da ruwa ba ya jiƙawa, ga su marasa nauyi. Sai dai a kula: tazarar layukan tsayi a Harvey mita 15 ce, a Landranger kuwa mita 10. Wanda ya saba da Landranger ya koma Harvey, idonsa zai raina gangaren da bai kamata a raina ba. In ka zaɓi ta takarda zalla, sayi jakar leda mai rufi tare da ita, domin ruwan sama na rabin sa'a ya isa ya mai da ita tsumma.

Kamfas kuwa, nemi mai faffaɗan gindi na roba mai haske, wanda ake ɗorawa a kan taswira a ga rubutun ƙasa, mai ma'aunin nisa a gefe, irin su Silva Expedition 4. Arha ba ta ado a nan. Ɗan kamfas ɗin da ake maƙalawa a zoben mabuɗi ba ya ba da digiri daidai, kuma digiri ne ke raba hanya da rami. Duba saukowa daga Ben Nevis cikin hazo: daga ginshiƙin da ke ƙololuwa ana bin digiri 231 har tsawon mita 150, sannan a juya zuwa 282. Wanda ya juya da wuri zai nufi bakin kwazazzabon Gardyloo Gully, wanda ya karkata hagu daga baya zai faɗa kwazazzabon Five Finger Gully, inda aka sha yin haɗari. Mita 150 ɗin nan da taku ake ƙirga su, don haka ka san taku nawa ne ke ba ka mita 100 tun kafin ka bar gida.

Abu biyu ke ɓata kamfas mai kyau. Maganaɗisun da ke jikin rigar waya, ko na rufe aljihu da safar hannu, yana iya juya allurar gaba ɗaya, ta riƙa nuna kudu a matsayin arewa. A ajiye shi nesa da waya, a kuma gwada shi a gindin dutse a wurin da aka san alƙibla. Na biyun daga ƙasa yake: a tsaunukan Cuillin na tsibirin Skye, dutsen da kansa yana jan allura, ba a dogara da kamfas a saman duwatsun.

Sai waya. Mutane ba su cika sanin cewa GPS ɗin waya yana aiki ko babu sabis ba, muddin an sauke taswirar cikin manhaja tun daga gari. Ta wannan fuska waya ta rage wa na'urar GPS ta hannu kasuwa, kuma da gaskiya. Matsalarta ita ce taura biyu ba ta taunuwa: ita ce kyamara, ita ce taswira, ita ce kuma za a kira agaji da ita. Sanyi yana cinye batir, waya mai neman sabis inda babu tana ƙara cinye shi, ga allo idan ya jiƙe ba ya jin yatsa. Wanda zai dogara da waya ya sa ta a yanayin jirgin sama, ya ajiye ta a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke kai mata, ya kuma riƙe fawa bank da gajeren kebul a busasshiyar leda.

Na'urar GPS ta hannu, irin su Garmin eTrex, tana da maɓallai da ake dannawa ko da safar hannu, tana kuma cin batir AA guda biyu da za a canja a tsaye. Na lithium sun fi jure sanyi. Allonta ƙarami ne, ba ta daɗin tsara hanya. Ta cancanci kuɗinta ga mai fita lokacin dusar ƙanƙara ko mai kwana da yawa a daji. Mai yini ɗaya lokacin bazara ba ya buƙatarta. Agogo mai auna tsayi ta matsin iska ma yana taimakawa, amma sai ana gyara shi a duk wurin da aka san tsayinsa a taswira, domin sauyin yanayi kaɗan yana gusar da lissafinsa da mitoci masu yawa.

A wajen kiran agaji ne zaɓi ya fi tsada. Inda akwai sabis, ana kiran 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto a tsauni, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne. Za su tambayi lambar wurin a taswira, haruffa biyu da lambobi shida, kamar NN 166 712 na ƙololuwar Ben Nevis. Yana da kyau a yi rajistar waya don aika saƙo zuwa 999 tun kafin tafiya, saboda saƙon rubutu yakan fita inda kira ya ƙi.

Inda babu sabis sam, kaya biyu ne a kasuwa. Na farko PLB, 'yar na'ura mai aiki ɗaya tak. Ana zaro eriyarta a danna, ta aika sigina a kan zangon 406 MHz zuwa taurarin ɗan adam na tsarin Cospas-Sarsat, tare da wani ƙaramin sigina na 121.5 MHz da masu ceto ke bi idan sun matso. Ba a biyan kuɗin wata, batirinta yana ajiyuwa shekara biyar zuwa bakwai, idan aka kunna kuma tana kaiwa aƙalla sa'a 24. Sai an yi mata rajista da sunan mai ita. Aibinta shi ne ba ta magana: ba za ka faɗi ko ƙafa ce ta karye ko zuciya ce ba, ba kuma za a ce maka an ji ana zuwa ba, sai a wasu sababbi da ke kunna fitila alamar saƙo ya isa.

Na biyu masu aika saƙo ta tauraron ɗan adam, irin su Garmin inReach da ke amfani da taurarin Iridium. Da ita ana rubutu a amsa, ana gaya wa gida cewa kogi ya cika za a kwana a bukkar Shenavall da ke Fisherfield, ba sai an tayar da masu ceto ba. Wannan yana da amfani sosai a Fisherfield, inda ƙetare ruwa ke ruguza lissafin lokaci. Kuɗinta kuwa ba ya ƙarewa a kanti: akwai na wata-wata, in ya yanke maɓallin agajin ma ba zai yi aiki ba, sannan sai an riƙa yi mata caji. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan adam, amma batir ɗaya ne dai da na taswira da kyamara.

Mai fita sau biyu ko uku a shekara, cikin ayari, PLB ɗaya ta ishe su. Mai tafiya shi kaɗai kwana da kwanaki, wanda ake jiran labarinsa a gida, inReach ta fi dacewa da shi. Dukansu biyun suna son sararin sama a buɗe, a cikin kwazazzabo mai zurfi saƙo yakan yi jinkiri. A rataye na'urar a madaurin kafaɗa inda hannu ɗaya zai kai gare ta, domin wanda ya zame ya faɗi ba lallai ne ya iya kwance jaka ba.