Na biya dubu ɗaya na karanta littafin matan duniyar wata, ga yadda na gan shi

Masu tambayata ko littafin nan na matan da suka tare a duniyar wata ya kai dubu ɗayan da ake biya kafin a saka mutum a grup, eh ya kai, amma ku daure ku karanta har ƙasa kafin ku yi tiransfa don akwai wuraren da sai da na ja tsaki.

Ga wanda bai san zancen ba, wata marubuciya ce ke sakinsa feji-feji a WhatsApp, irin labarin nan na "da a ce", a ɗauko tarihin da ya faru da gaske a karkata shi a wuri ɗaya a ga ina zai dosa. Ita a 1962 ta karkata nata. A zahiri tsakanin 1960 da 1961 wani likita a Amurka mai suna Lovelace ya yi wa mata matuƙan jirgi irin gwajin lafiyar da aka yi wa mazan shirin Mercury, wato shirin Amurka na farko na tura mutum sararin samaniya, su 13 suka haye har da Jerrie Cobb, sai kawai aka tsayar da abin, da magana ta je gaban majalisa a watan Yulin 1962 aka ce ai sharaɗi shi ne sai matuƙin gwaji na jirgin yaƙi, alhali a lokacin soja ba ya ba mace wannan kujerar, to ta ina za su cika? Rasha ce ta fara harba mace sararin samaniya, Valentina Tereshkova, a Yunin 1963, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, ta zaga duniya sau 48, su kuwa Amurkawa sai 1983 suka tura Sally Ride. Mutum 12 ne suka taɓa taka wata daga 1969 zuwa 1972 kuma duk maza. A littafin majalisa ta ce a ɗauki matan, ba a tsaya a Apollo 17 ba, wato tafiyar ƙarshe ta shirin Apollo da ya kai mutane wata, aka yi ta zuwa har aka kafa sansani.

Abin da ya sa na kasa ajiye waya shi ne yadda ta jawo labarin har ƙofar gidanmu ba tare da ta yi ƙarya mai yawa ba. Da yawanmu ba mu san Amurkawa sun taɓa kafa tashar bibiyar kumbo a Kano lokacin shirin Mercury ba, wallahi da gaske ne an yi. To uban jarumar mai kula da janareta ne a tashar, ita kuma 'yar Tudun Wada ce nan Zariya, daga nan ta shiga makarantar koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964, wadda har yau ƙananan jiragenta ke mana shawagi a kai ta wajen Palladan muna ɗaga kai. Wanda zai ce mace a wannan makarantar ai tatsuniya ce ya tuna a nan Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, daga baya ma ta dawo ta shugabanci makarantar.

Babin ƙura shi ne gwanina. Jarumar ta dawo daga waje ta cire hular kwano sai wari kamar an harba bindigar toka ya bugi hancinta, atishawa ta ƙi tsayawa, ido ya yi ja, zif ɗin riga ya cije, ta zauna da ɗan burushi tana kankare gwiwar kayan abokiyar aikinta ita ma tana kankare nata, ba mai magana. Wannan ba ƙirƙira ba ce, 'yan Apollo sun faɗi warin, Harrison Schmitt ma a 1972 sai da ƙurar ta sa shi mura. Ku ɗauki ƙurar hunturu da ke biyo taga ta kwanta a kan komai har cikin kwanon miya, sai dai ta can tana da kaifi saboda babu iska babu ruwa da za su goge mata baki, shi ya sa take cin roba da gilashi.

Sai maganar ibada, nan kam ta yi tunani. Rana ɗaya a can kusan sati biyu ce dare ma haka, to yaushe azahar? Jarumar ta bi agogon wurin da aka harba su, wanda shi ne irin abin da malaman Maleshiya suka tsara wa ɗan ƙasarsu da ya je tashar sararin samaniya a 2007. Alƙibla kuma ta zo da sauƙi don duniya ba ta fitowa ba ta faɗuwa a bangaren watan da ke kallonmu, tana nan rataye kusan wuri guda, sai ta yi alama da biro a bango. Da ruwa ya yi ƙaranci aka fara rabo da kofi suka kwana suna gardama ko ƙasar wata ta halatta a yi taimama da ita. Kuma duk sanda ta kira gida murya na ɗaukar sama da daƙiƙa ɗaya kafin ta isa, gaisuwa sai ta riƙa karo, tana "Inna ina kwana" Inna na "kina jina kuwa", ranar jajibirin azumi Inna ta ce "an ga wata 'yar nan", ta ce "Inna ai a kansa nake tsaye". Na yi dariya har sai da aka leƙo ni.

Yanzu ga inda aka ɓata min rai. Tsakiyar littafin gaba ɗaya kishiya ta cinye shi. Miji ya ƙara aure tana can sama, shikenan aka bar mu da lefe da habaicin dangin miji da wa ya ɗauki kujerun ɗakin wa, feji bayan feji, alhali a sansanin injin iska ya lalace an bar mutane rai a hannun Allah ba a koma kansu ba sai can. Na san masu karatu na son wannan kuma su ke biya, amma haba, irinsa fa cike yake a waya kyauta. Sauran matan ma suna kawai gare su, Barashiyar cikinsu kuwa an mai da ita muguwa ba dalili.

Akwai kurakurai kuma da bai kamata mai binciken da ya gano tashar Kano ya yi ba. An ce tana tsaye a fili ta jiyo rugugin kumbo daga nesa, da wace iskar sautin zai zo? An kuma haƙa rijiya kusa da inda Apollo 11 ya sauka an sami ruwa, alhali ƙanƙarar da aka tabbatar a 2009 tana cikin ramukan ƙuryar kudu ne da rana ba ta leƙawa. Nauyi kuma wani babin ta tuna kashi ɗaya cikin shida ne na nan, wani babin a ga ana nishi da buhu.

Shi kansa grup ɗin sai haƙuri. An ce kullum feji, sai a yi shiru kwana da kwanaki ba bayani, admin ta kulle grup ba damar tambaya, ka yi magana ta fraibet a ce maka marubuciya ba ta jin daɗi ko ba caji. Odiyon da suke haɗawa da shi ƙarar janareta ta fi muryar mai karatun, na goge shi don cin wuri kawai yake.

Don haka in kina da haƙurin jira ki bari a kammala ki sayi dokumen ɗin gaba ɗaya, kuɗin ɗaya ne, ki karanta farko a nutse, in kin iso wurin lefe ki yi ta ja sama har sai kin ga an koma kan injin iska. 'Yan sakandare ma za su iya karantawa, babu batsa a ciki, ƙanwata da ke aji biyar na ba wa yanzu.