Na kai Umma awon lafiya kyauta na ƙungiyar ɗaliban likitanci, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da muka dawo nake son in yi rubutun nan amma na ce bari in jira tukuna in ga inda maganar za ta tsaya, don kar in yabi abu da zafinsa daga baya in zo ina gyara. Yanzu wata uku kenan, kuma ina ganin na ga abin da ya ishe ni in ba su taurari huɗu cikin biyar. Ɗayan da na riƙe zan faɗi dalilinsa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙanwata ce ta turo min fostar a WhatsApp, wai ƙungiyar ɗaliban likitanci za su yi awon hawan jini da suga kyauta ranar 17 ga Mayu, wadda ita ce ranar hawan jini ta duniya. Umma kuwa ta fi shekara tana fama da ciwon kai na ƙeya da jiri in ta miƙe, amma da ka ce asibiti sai ta ce gajiya ce kawai, ta sha farasitamol ta kwanta. Abin da ya sa ta yarda ta bi ni shi ne na ce mata yara ne 'yan makaranta, ba allura ba kwanciya, awo kawai za su yi mu dawo.

Mun isa wajen ƙarfe tara, layi ya riga ya yi tsawo. Tsarin nasu tebur-tebur ne, ka fara da wajen rubuta suna da shekaru su ba ka kati, sai awon nauyi da tsayi, sai awon jini, sai na suga, a ƙarshe kuma ga likitoci biyu cikakku, malamansu, suna zaune suna ganin duk wanda lambarsa ta fita daga ƙa'ida. Wannan na ƙarshen shi ya fara kwantar min da hankali, saboda ɗalibi komai ƙwazonsa ba shi da lasisin rubuta magani, kuma su ma ba su ɓoye ba, tun a bakin layi wani ya riƙe lasifika yana maimaitawa cewa mu ɗalibai ne, awo muke yi, hukunci na likita ne.

Inda suka sace min zuciya wajen awon jinin ne. Yarinyar da ta karɓi Umma 'yar aji biyar ce, ta gaishe ta har da rusunawa, ta ce Mama sannu da zuwa, ki zauna ki huta minti biyar kafin in taɓa ki. Ni har na fara ƙosawa ganin layin da ke bayanmu, sai ta juyo ta ce min Yaya ka yi haƙuri, in na auna ta yanzu da ta taho da tafiya lambar ƙarya za ta ba mu. Ta sa Umma ta jingina bayanta, ta sauke ƙafafu biyu a ƙasa ba harɗewa, ta ɗora hannunta kan tebur daidai saitin zuciya, ta tambaye ta ko ta sha kofi ko wani abu mai sa bugun zuciya cikin rabin awan da ya wuce, ko tana jin fitsari, wai mara a cike ma tana ɗaga lamba. Da ta zo ɗaura abin naɗe damtsen sai ta ga ya yi wa Umma kaɗan, ba ta matsa shi da ƙarfi ba ta tashi ta je ta samo babba, ta ce ƙarami a babban hannu yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Sannan ta ce Mama kar ki yi magana har na'urar ta gama. Wallahi ni sau nawa aka auna ni a rayuwa, ban taɓa ganin an bi waɗannan matakan duka a zama ɗaya ba, galibi kana tsaka da bayani ake matse maka hannu a kan riga.

Lambar ta fito 168 bisa 98. Ta jira minti biyu ta sake, ta auna ɗayan hannun ma, duk dai a nan yake yawo. Abin da ya burge ni fuskarta ba ta canza ba, ba ta zaro ido ba, ba ta kuma ce wa Umma kina da hawan jini ba. Cewa ta yi Mama lambar yau ta haura 140 bisa 90, kuma daga nan ne ake fara damuwa, amma ba a yanke wa mutum hukunci da awon rana ɗaya, sai an sake a wata rana daban an ga haka. Ta yi mata bayanin lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke dukan jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, da yadda in aka bar shi shekara da shekaru yake cin ƙoda da ido a hankali ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki, duk cikin harshen da Umma take ganewa ba tare da kalma ɗaya ta littafi ba. Ta kusan minti goma tana sauraronta, har labarin rashin barcinta sai da Umma ta ba ta, abin da ni ɗanta ban sani ba.

Wannan sauraron shi ne babban abin da ɗaliban nan suke bayarwa a ganina, ya fi awon kansa daraja. Likita a asibiti mai cunkoso yana da mutum hamsin a ƙofa, ba laifinsa ba ne in ya katse ka. Su kuwa waɗannan har yanzu kowane majiyyaci sabo ne a wajensu, abin da aka koya musu satin da ya wuce suke yi daki-daki, ba su kai ga yanke hanya ba.

Wajen suga an yi sauri. Sabuwar allurar tsira yatsa ake ɓarewa a gabanka, safar hannu ana canzawa, akwai kwalin zuba allurai na musamman, na tsaya na kalla da gangan don nan ne wajen da nake tsoro a irin wannan taron. Umma ta karya kafin mu fito, don haka suka rubuta a katin cewa awon bayan cin abinci ne, suka ce wanda bai ci komai ba awa 8 ana damuwa daga 7.0 zuwa sama, wanda ya ci kuma sai ya kai 11.1. Nata 6.4, lafiya lau. Sai dai fostarsu ba ta ce a zo ba a karya ba, kuma da layi ɗaya suka ƙara da mutane da yawa sun samu awon da ya fi ma'ana.

Muna jiran ganin likita na samu hira da wani saurayi da ke kula da layi, shi ne sakataren ƙungiyar ashe. Na tambaye shi ko maki ake ba su a wannan aikin ya ce ko ɗaya, ba ya cikin manhaja, ranar hutunsu ce suka bayar kuma wasunsu suna da jarabawa cikin sati biyu. Shi ya ba ni labarin cewa irin ƙungiyoyin nan akwai su a ƙasashe sama da ɗari, kuma suna haɗuwa ƙarƙashin wata uwar ƙungiya ta duniya mai suna IFMSA da aka kafa a Kopenhagen ta ƙasar Danmak a 1951, tana da kwamitoci shida, na lafiyar al'umma, na ilimin likitanci, na haƙƙin ɗan Adam da zaman lafiya, na lafiyar haihuwa da cutar ƙanjamau, sai biyu na musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe, ɗaya na aikin asibiti ɗaya na bincike. Awon da muka zo aikin na lafiyar al'umman ne. Ban da shi suna da ƙwallo da muhawara da gasar kacici-kacici da mujalla, waɗannan nasu ne a cikin gida ban gani ba ba zan ce komai a kai ba.

Wanda na gani da idona bayan wannan shi ne taron ba da jini, ranar 14 ga Yuni wadda ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, don na koma saboda daɗin da na ji na farko. An zaɓi ranar ne saboda ita ce ranar haihuwar Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunin jini na A da B da O a 1901. A nan ɗaliban ba su ne masu ɗiba ba, ma'aikatan bankin jini suka gayyato, su nasu rajista da tambayoyi da zama kusa da kai suna ɗebe maka kewa. An duba ƙarfin jinina da nauyi tukuna, aka ɗebi leda ɗaya wajen mililita 450, minti goma an gama, suka hana ni tashi sai da na ƙara hutawa. Wani ɗan aji huɗu ya ce min jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a firji, shi ya sa ba a tara jini sau ɗaya a ce an gama, kullum sai an nemi sabo. Su ɗaliban da kansu su suka fara kwanciya aka ɗebi nasu kafin su kira kowa, wannan ya yi min. A gefe guda kuma suna koyar da danna ƙirji ga wanda zuciyarsa ta tsaya, da mutum-mutumin roba, tsakiyar ƙirji, hannu a miƙe, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Mutum-mutumin guda ɗaya ne tal ga mutane sun fi talatin, da yawa kallo kawai suka yi suka tafi, alhali abin nan sai hannunka ya taɓa kake sanin irin ƙarfin da yake buƙata.

To yanzu ga tauraron da na riƙe. Likitan da ya ga Umma mutumin kirki ne, ya sake awon da kansa, ya ce ta rage gishiri kar ya wuce giram 5 a yini wato kimanin ƙaramin cokali, ta dinga tafiya, ya rubuta takarda ya ce mu je asibiti cikin satin nan a sake aunawa a duba ƙoda da fitsari. Shi kenan. Takardar ba ta ce wane sashe ba, ba ta ce wace rana ake ganin masu hawan jini ba, ba lambar da za ka kira. Sun karɓi lambar wayata a teburin farko, na ɗauka don bibiya ce, har yau ba wanda ya kira. Ni na iya karatu, ina da lokaci, na san yadda ake buɗe kati, kuma duk da haka sai da muka yi zuwa biyu kafin mu dace da ranar. Tsohon da ke gaban Umma a layi fa, shi kaɗai ya zo, na ji da kunnena an ce masa lambarsa ta haura 180, likita ya ce ya wuce asibiti yau yau, ya amsa da to ya ninke takardar ya sa a aljihu ya fita, ba wanda ya raka shi ko bakin titi. Har yanzu mutumin nan yana faɗo min a rai.

Abin yana min ciwo ne saboda nan ne ainihin inda cutar take cin mutane. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Ɗaliban nan suna taɓa matsalar farko da kyau, suna sanar da wanda bai sani ba. Amma sanin kaɗai ba ya sauke lamba ko ɗaya, kuma wanda aka tsorata shi aka sake shi ba hanya sau da yawa wajen mai sayar da magani ba takarda yake ƙarewa, ya sha na sati biyu, kai ya daina ciwo ya ajiye, alhali maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Kuma gyaran bai fi ƙarfinsu ba, ba kuɗi yake nema ba. Mutum biyar daga cikinsu su raba sunayen waɗanda lambarsu ta hau, bayan sati ɗaya su kira su ce Baba ka je kuwa, Mama an ba ki magani. Su daidaita da asibitin da suke koyon aiki a ware rana ɗaya ga masu ɗauke da takardarsu. Wanda tasa ta kai ta gaggawa a haɗa shi da ɗalibi ɗaya ƙafa da ƙafa. Hotunan da ake ta ɗauka ana sa wa a Facebook kuma a rage, ko aƙalla a tambayi mutum kafin a ɗauke shi hannu a ɗaure, don na ga wata mata tana kare fuska da mayafi mai kyamara bai ma lura ba. Sannan teburin tambayoyi a ɗan matsar da shi gefe, wanda ke bayanka yana jin duk abin da kake faɗa, akwai larurar da mutum ba zai ambata ba in maƙwabcinsa na tsaye a kansa. Na faɗa wa sakataren duk wannan ranar ba da jini, bai kare kansu ba, ya ciro waya ya rubuta, ya ce matsalarsu shugabanci shekara ɗaya ne kawai, kafin mutum ya gane aikin ya miƙa wa wani ya shiga jarabawar ƙarshe, takardun ma wani lokaci ba sa isa hannun na baya.

Wanda zai je, ya je da wuri, ya sa riga mai sakin hannu, in yana son awon suga na gaskiya kar ya karya, in yana shan wani magani ya tafi da kwalinsa, kuma tsoho kar a bar shi ya tafi shi kaɗai. Kafin ka bar teburin likita ka tsaya ka tambayi ina zan je, wace rana, me zan ce musu, kar ka ji kunya.

Umma dai an tabbatar da hawan jinin a asibiti, ƙodarta lafiya Alhamdulillah, an ɗora ta kan ƙwaya ɗaya kullum da safe. Na saya mata na'urar awo ta damtse, kuma da kanta take zama minti biyar ta jingina ta sauke ƙafa yadda yarinyar nan ta koya mata, in na yi magana ta ɗaga min hannu. Awon jiya 132 bisa 84. Ta ce in za su sake fitowa ranar 14 ga Nuwamba ta ciwon suga in gaya mata da wuri, akwai ƙawayenta biyu da za ta tafi da su, ni kuma na riga na ce zan kai su asibitin da kaina in takarda ta biyo baya.