Ƙaramin Jirgin Sama a Amurka da Turai: Amsar Tambayar Yaya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga bayanin da ka nema game da ƙananan jiragen sama da mutane ke mallaka a ƙasashen waje, da kuma shawarar da kake yi ta sayen ɗaya daga nan Amurka. Zan kwatanta maka abin da nake gani a ƙungiyar matuƙan da nake ciki da yadda lamarin yake a Turai, domin farashin da ka gani a shafukan dillalai shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abubuwan da za ka yi lissafinsu.

Jirgin da ya fi yawa shi ne Cessna 172, mai kujeru huɗu da injin ɗaya, wanda aka fara ƙerawa a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000 zuwa yanzu. Sabonsa ya haura dala 400,000, shi ya sa mafi yawan waɗanda ke shawagi a nan ƙirar shekarun 1960 da 1970 ne. Akwai dalilin hakan. Yawan ƙararrakin neman diyya ya sa kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera irin waɗannan jirage a 1986, bai dawo ba sai bayan da majalisa ta yi doka a 1994 wadda ta taƙaita damar kai maƙerin jirgi kotu idan jirgin ya wuce shekara 18. Saboda haka tsufa ba aibi ba ne a wannan harka, matuƙar takardu sun cika.

Koyon tuƙi ya fi sauƙi a Amurka. Hukumar FAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka, ta ƙayyade awa 40 a sama kafin mutum ya shiga jarrabawar lasisin matuƙi mai zaman kansa, hukumar EASA ta Tarayyar Turai kuwa awa 45 ta ƙayyade, kodayake a ɓangarorin biyu yawancin ɗalibai sukan zarce wannan adadi sosai. Bambancin awa biyar ba shi ne abin dubawa ba. Amurka na da filayen jirgi kusan 5,000 da kowa zai iya sauka, kuma a mafi yawan ƙanana ba a karɓar ko sisi a hannun ƙaramin jirgi, domin harajin da ke kan mai shi ke taimakawa wajen ɗaukar nauyin masu ba da hanya a sama. A Jamus ko Ingila kuwa kusan kowace sauka da kuɗinta, ga man ya fi tsada nesa ba kusa ba, alhali ɗalibi yakan sauka ya tashi sau da yawa a darasi guda. Sai dai wanda ba ɗan ƙasa ba dole ne ya samu amincewar hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, a ɗauki hoton yatsunsa, kafin ya fara darasi a Amurka, kuma rajistar jirgi da sunan mutum sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Sauran baƙi sai dai su bi ta hannun kamfanin riƙon amana.

Gyara shi ne inda kuɗi ke zurarewa. Doka ta wajabta a yi wa kowane jirgi cikakken bincike sau ɗaya a shekara, a hannun makanikin da ke da izini na musamman, idan kuma ana ba da hayarsa don koyarwa, sai a ƙara da wani binciken bayan kowace awa 100. Na tsaya na ga yadda ake yi a rumfar ƙungiyarmu. Makaniki yakan kwance ƙananan murafan da ke ƙarƙashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya zura tocila da madubi yana neman tsatsa ko wayar da ta fara tsinkewa, sannan ya yanka matatar baƙin mai, ya warware takardar da ke cikinta, ya ɗaga ta a haske yana neman ɓurɓushin ƙarfe. Idan ya ga ƙyalƙyali ya yi yawa, to injin ya fara cin kansa, kuma mai jirgin ya shiga uku. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injin mafi yawan jiragen Cessna 172, ya ba da shawarar a yi wa injin garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, aikin da ke cin dubun-dubatar daloli. Ba a tilasta wa mai jirgin kansa bin wannan wa'adi ba a Amurka, har ma an yarda ya canza baƙin mai da fulogi da taya da hannunsa, muddin yana da lasisin tuƙi kuma ya rubuta abin da ya yi ya sa hannu.

Wannan rubutu kada ka raina shi. Kowane jirgi yana da littattafan da ake rubuta duk wani aiki da aka yi masa tun ranar da ya bar masana'anta, kuma jirgin da littattafansa suka ɓace darajarsa takan faɗi ƙasa warwas, ko da fentinsa na ɗaukar ido. Abin da kuma mutane ba su cika ganewa ba shi ne, ajiya ta fi aiki lalata injin, domin danshi yakan taru a cikinsa ya haifar da tsatsa. Jirgin da aka tallata da cewa awowinsa kaɗan ne, amma ya shekara biyar a kafe, ni ba zan kusance shi ba.

A fannin inshora ne ɓangarorin biyu suka fi shan bamban. Tarayyar Turai ta yi doka a 2004 wadda ta wajabta inshora gwargwadon nauyin jirgi, ta yadda jirgi kamar Cessna 172, da ya haura kilo 1,000 amma bai kai 2,700 ba, sai ya ɗauki inshorar da za ta iya biyan diyyar fiye da Yuro miliyan 3 ga waɗanda ya yi wa ɓarna a ƙasa. Gwamnatin tarayya a Amurka ba ta wajabta komai ba, in ban da wasu jihohi ƙalilan da suka yi tasu dokar. Duk da haka bankin da ya ba ka bashi da mai rumfar da ka kama haya ba za su ƙyale ka ba, kuma a ganina kamfanin inshora ya fi hukuma iko da matuƙi a nan. Hukuma za ta iya halatta maka tuƙa jirgi mai naɗe tayoyi, kamfanin inshora ya ce sai ka yi awowi kaza da malami tukuna, kuma kuɗinsa yakan hau ne bisa ƙarancin awowinka, da rashin lasisin tuƙi cikin gajimare, da tsufan da ya kai shekara 70. Akwai kuma tarko a cikin takardar. Sau da yawa za a rubuta diyyar dala miliyan 1, amma a ƙasa an taƙaita rabon kowane fasinja zuwa dala 100,000, kuɗin da asibitin Amurka zai iya cinyewa cikin 'yan kwanaki. Wanda ke hayar jirgi ma yana buƙatar tasa inshorar, domin kamfanin da ya biya makaranta yana iya juyowa kansa ya nemi kuɗinsa.

Idan nufinka shi ne a kai jirgin gida, Yaya, to fara da batun mai. Waɗannan injina fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda ke ɗauke da dalma, kuma Cessna 172 kan sha galan 8 zuwa 10 a awa. Wannan mai yana wuyar samu a filayen jirgi da dama na Afirka, ga shi Amurka kanta ta sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da take son rabuwa da shi. A wannan fanni Turai ta fi dacewa da buƙatarka, domin kamfanin Diamond na Ostiriya yana ƙera DA40 mai injin da ke shan kananzir irin na manyan jirage, wanda ake samu duk inda jirgin fasinja ke sauka. Inshorar Amurka kuma takan tsaya ne a iyakar ƙasashen da aka lissafa a takarda, don haka sai ka nemi wata tun kafin jirgin ya tashi. Idan ka ga wanda ya kwanta maka a rai, ka aiko mini da lambar rajistarsa da hotunan littattafansa, ni kuma zan nemi makanikin da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya bincika shi kafin ka biya ko kafin alƙalami.