Mai ba da maki ko gwajin hannu, ga wanda ya yi min aiki

Ɗan'uwa, kan tambayarka ko ka biya manhajar nan mai ba da maki ga bayanin kayan aikin ejan ɗin AI (ƙananan shirye-shiryen da ejan ke kira su yi masa aiki), ko ka zauna ka haɗa gwaji da kanka: ni duka biyun na taɓa, ɗaya kuma har yau in na tuna kuɗin da na zuba masa sai raina ya ɓaci.

Kwanakin baya na haɗa wa yayana mai shagon atamfa a Kantin Kwari ejan ɗin AI da ke amsa wa masu saye a WhatsApp. Kayan aiki biyar na jona masa ta MCP, tsarin nan na haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Abin da ejan ke gani a kowanne bai wuce suna, da bayani, da guraben da zai cike ba. Duk wahalar da ka sha a cikin shirin, shi bai san da ita ba, da wannan ɗan rubutun kawai yake aiki.

Mai ba da makin na biya masa kuɗin wata guda da dala. Ya ba bayanin kayan aikin "saka_oda" 9 cikin 10, wai bayanin gajere ne kuma a fili yake. In ka cire nuna min wani gurbi da na manta ban yi wa bayani ba, ban ga abin da ya tsinana ba.

Kwana biyu da wannan makin wata hajiya ta turo cewa tana son yadi 6 na wata atamfa. Ejan ya cike 6 a gurbin adadi. To shagon da turmi yake lissafi, turmi kuwa yadi 6 ne, sai ga odar turmi 6, wato yadi 36. Allah ya taimaka yaron shago ya kira ta kafin a ɗaure kaya. Ina mai ba da maki zai san turmi? Tsarin jimla ya duba, bai taɓa shiga Kwari ba.

A daren na karɓi wayar Yaya, na kwafo saƙonni 40 na masu saye na gaske, na goge sunaye da lambobi, na zuba a Google Sheets. Gaban kowane saƙo na rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a cike, sannan abin da ejan ya yi. Kowane saƙo sau uku nake gwada shi, don ejan kan dace yau gobe ya kauce. Na kuma bar irin su "Alhaji ina kwana, ya kasuwa" a ciki da gangan, in ga ko zai ruga kiran kayan aiki a inda gaisuwa kawai ake so. Ya ruga kuwa.

Nan asiri ya tonu. "duba_oda" da "duba_biya" ejan yana cuɗa su duk lokacin da aka ce "na turo, ka gani?", saboda ba wanda na rubuta masa lokacin da ba a amfani da shi. Gurbin kuɗi kuma da kwabo yake karɓa ban faɗa ba, ya cike 5000 a matsayin naira dubu biyar alhali naira 50 ke nan. Na sake bayanan, kowanne jimla uku zuwa huɗu kamar yadda takardun Anthropic suka ba da shawara: me yake yi, yaushe a kira shi, yaushe a ƙyale shi, da wane ma'auni. Kada dai ka yi masa huɗuba, don bayanin yana bin kowane saƙo, kai ke biyan tokin ɗinsa, wato gutsuren kalmomin da ake lissafa kuɗin AI da su. Yanzu ko waƙafi na taɓa sai na sake bin jadawalin nan.

Kar kuma wani ya ruɗe ka da jadawalin Berkeley Function Calling Leaderboard. Shi ƙwarewar manhajojin AI yake aunawa, ba bayaninka ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu tallan sabar MCP haɗaɗɗiya (shirin da ke ɗauke da kayan aikin) a Telegram, "jona kawai ka fara aiki". A Afrilun 2025 kamfanin tsaron AI Invariant Labs ya nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, kai ba ka gani a fuskar manhaja, ejan kuwa ya karanta ya bi, har ya kwashi fayilolinka ya tura. Mai sabar in mugu ne yana iya sauya bayanin bayan ka amince. Ka buɗe sabar da MCP Inspector, manhajar duba sabar MCP ce kuma kyauta ce, ka karanta bayanin tun daga farko har ƙarshe, ka ajiye kwafi don ka riƙa gwadawa da na gaba. Wanda ya hana ka dubawa kafin ka biya, bar masa kayansa.

Riƙe dalarka ka haɗa jadawali. Saƙonni 20 ma sun isa farawa, muddin daga bakin masu sayenka suka fito ba kai ka ƙirƙira ba. In kana son nawa ka yi min magana ta gefe in turo maka, na cire bayanan shagon.