Sandar goge bindiga: ta ƙarfe ko ta zaren kabon?

Mu fara cire mai gaɓa-gaɓa ta alminiyam daga lissafi. Taushinta kan sa ƙasa ta maƙale a jikinta, ta riƙa kankare cikin bututun bindiga kamar samfefa.

Saura biyu, kowacce guda ce ba haɗi. Ta ƙarfe mai rufin nailan, irin ta kamfanin Dewey na Amurka, tana jure turi ko da ƙyallen gogewa ya cije a tsakiyar bututu. Aibinta shi ne in ta lanƙwashe, ta lanƙwashe ke nan. Rufin ma yakan ɓare a hankali, musamman in ba ka goge datti daga jikinta bayan kowane turi.

Ta zaren kabon, irin ta kamfanin Tipton, ba ta da nauyi, kuma in ta tanƙwara sai ta miƙe da kanta. Amma ranar da aka matsa mata fiye da kima ba ta gargaɗi: karyewa take yi, tsagin kuwa yana iya shiga tafin hannu.

Ni dai ga mai saurin hannu, ta ƙarfen zan ba shi. Mai natsuwa ya ɗauki kabon, ya kuma turo ta daga gindin bututu, kada ta ci bakin bindigar.