Wa Ya Shafa Silikon a Nan?

Da sukundireba mai gyara ya nuna mini laifina a rufin tafi-da-gidankan da nake zaune a ciki. Ya hau tsani, ya ce in biyo shi, ya ɗaga bakin robar rufin, ya danna ƙarfen a jikin katako, sai ya nutse kamar an soka cokali a tuwo. Ya ɓamɓaro wani abu fari mai santsi, ya ɗaga mini shi a fuska, ya ce, "Wa ya shafa silikon a nan?" Yaran garejin biyu suna tsaye a ƙasa sun zuba mana ido. Na ce ni ne. Ya girgiza kai kawai, ya sauka ya shiga rubuta takarda. Wallahi rabona da jin kunya irin wannan tun ina ɗalibi a Zariya.

Aikin jinya nake yi a nan Amurka, na kwangila: mako 13 a asibiti ɗaya, sai in ƙara gaba. Hayar ɗaki ta wata uku tana cinye rabin abin da mutum ya samu, don haka na sayi tafi-da-gidanka na hannu, irin wanda ake ja da a-kori-kura. Akwai gado, kicin da banɗaki a ciki. A gefensa kuma akwai wani ɗaki da yake fitowa kamar durowa in ka danna maɓalli, falon ya buɗe, in za ka kama hanya ka mayar da shi. Su suna ce masa silaid. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne, katako aka lulluɓe da roba, kuma akwai wani leɓen roba a bakin bango da yake sharce ruwa duk lokacin da ɗakin zai shige.

A gabashin Teksas na fara ganin ɗigo, a kusurwar da nake shimfiɗa darduma. Na yi abin da na tashi na ga ana yi: na tara bokiti, da rana ta fito na sayo silikon, gam ɗin nan na toshe kafar ruwa, na shafe duk inda idona ya raina. Ɗigo ya tsaya. Wata biyar ina ganin na yi dabara, ashe ruwan hanya ya sake, yana bi ta ƙarƙashi yana cin katako. Warin fumfuna ne ya tona asirin.

Takardar da mutumin ya miƙo mini ita ta ƙarasa ni. Dala 175 kowace awa kuɗin hannu, jimilla ta haura dala 3,000, kuma sai bayan mako biyar layi zai zo kaina. Hawan tsanin nan ma da ya yi don ya kunyata ni, sai da na biya kuɗin awa guda. Na kira masu inshora, wata mata ta amsa da murya mai daɗi, ta ce da reshen bishiya ne ya faɗo da sun biya, amma ruwan da ya daɗe yana shiga sakacin mai kaya ne. Ta yi mini fatan alheri ta kashe waya. Babu wanda za ka ce wa don Allah a duba, babu "nawa ka sallama", babu wani babba da za ka kai wa kuka.

Daren nan na tuna kafintan unguwarmu. Da a gida ne, yaro zan tura, kafin la'asar ya iso da gudumarsa, ya hau, ya sauko, a kawo masa ruwa da abinci, a tambayi lafiyar iyali, a ba shi abin da ya sawwaƙa ya ce Allah ya amfana. A nan kana da kuɗinka a hannu amma hannun mutum ya fi ƙarfinka. Wannan kaɗaici ne da ba ya fitowa a hotunan da muke turo muku.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne da motarsa take kusa da tawa a sansanin da masu tafi-da-gidanka suke yada zango. Ya ga tamfol ɗin da na rufa, ya zo ya tambaya. Ashe a Elkhart ta jihar Indiyana ya yi aiki har ya yi ritaya, yankin da ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci a Amurka. Ya ce in na yarda zan riƙe makankari, shi zai riƙa gaya mini yadda zan yi.

Kwana uku muka yi. Rana ta farko kacokan a kankare silikon ɗina ta ƙare, domin babu gam ɗin da yake kama jikin silikon, ko sabon silikon ba ya kama tsohon. In ka bar ko ɗan maiƙonsa, duk abin da ka ɗora a kai zai ɗago. Na ɗauko ɗan fetur zan goge wurin, ya riƙe mini hannu, ya ce irin robar da ake kira EPDM ce, man fetur kumbura ta yake yi. Da sifirit muka wanke. Muka kwance ƙarafan gefe, muka naɗe robar, muka yanke ruɓaɓɓen katako har sai da muka kai inda sukundireba ya ƙi shiga, muka sa sabo, muka manne sabuwar roba. Ƙarƙashin kowane ƙarfe sai da ya sa na shimfiɗa wani danƙo mai kama da cingam kafin a ɗaura sukuru, don kowane ramin sukuru ƙofar ruwa ce.

A gefunan rufin bai yarda mu tara gam ba, ya ce tudun zai riƙa kama leɓen robar nan yana yage shi. Tef muka sa, EternaBond, mai faɗin inci 4, wanda in ya kama ya kama ke nan, ba a ɗagawa a gyara zama. Ya sa ni na bi shi da rola har kafaɗata ta yi tsami, yana cewa matsi ne yake tayar da gam ɗin. A kusurwoyi kuma muka ɗiga wani gam mai suna Dicor, kuma shi ma kala biyu ne: wanda yake bajewa da kansa na shimfiɗaɗɗen wuri, da wanda ba ya zuba na jikin bango. Kwana biyu muka bar ɗakin a waje kafin na danna maɓalli.

A nan dole in yaba musu. Abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne a ciki. Ba wanda ya tambaye ni na asali nake so ko mai sauƙi. Duk kayan ba su kai dala 500 ba, gam ɗaya da ya rage ban fasa ba na mayar da shi da rasit, aka dawo mini da kuɗina ba tare da an haɗa rai ba. Na tsaya a bakin kantin ina tuna rubutun nan da muka saba gani a rasit na gida, cewa kayan da aka fita da su ba sa dawowa.

Amma abin da ya fi ci mini rai littafin motar ne. Dattijon ya buɗe mini shafin da aka ce a hau a duba gam ɗin rufi duk bayan wata uku, a share ganye da tsinke kafin a mayar da ɗakin. Shekara biyu littafin yana cikin durowa ban buɗe ba. Kuma mu fa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Kakana a soro ya rayu ya mutu. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau an cire ciyawa, an sake yaɓe, an buɗe indararo, an jiƙa makuba an shafe. Ba ya jiran ya ga ɗigo. Mu da muka samu kwano sai muka ɗauka an gama da hawa rufi har abada. Silin ya yi taswira, a ce sai bayan damina. Bayan damina a manta. In an kira mai gyara, a matse shi a ciniki har ya rasa riba, shi kuma ya ɗiga kwalta a bakin ƙusa ya sauko, kowa ya san baɗi za a sake haɗuwa. Masallatai nawa, ajujuwa nawa, ɗakunan haihuwa nawa ne bokiti yake kwana a tsakiyarsu duk watan Agusta?

Da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko bayan gyaran, na kwana ina tashi ina shafa kusurwar da tafin hannu. A bushe take. Da asuba na kira Yaya, na ce a samo wanda zai hau ɗakin Inna ya duba kwanon da ƙusoshinsa tun ana cikin rani. Ya ce, "Ai bai fara yoyo ba tukuna." Na ce, "Yaya, don Allah a hau." Na tura kuɗin kafinta da na kaya, na roƙe shi ya tsaya a wurin da kansa, ya turo mini hoto daga saman rufin.